Tayar da Na Sa wa Ƙanen Matata

Ƙarfe goma da minti ashirin na safe ne, ranar kasuwar Batsari, cikin kaka. Na san lokacin domin ba na fara aiki sai na dubi agogon da ke rataye a ƙusa cikin rumfata. Mu uku ne a wurin: ni, da mahaucin da teburinsa ke gefen rumfata, da ƙanen matata, wanda ya turo mashin ɗinsa ya kafe a gabana ya ce in canza masa tayar baya.

Ni mai faci ne. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na fi shekara ashirin ina cire taya ina mayarwa, kuma ba na son a yi aiki a hargitse. Shi kuwa kabu-kabu yake yi tsakanin Batsari da ƙauyukan da ke bayan Ruma. Yana ɗaukar mutane, da kaka kuma buhunan wake da dawa. A hanyarsa akwai wani rafi da ruwa ke gudu cikinsa da damina, da zarar ruwa ya ɗauke sai ya koma yashi zalla. Mai tafiya a ƙafa sai ya yi minti biyar kafin ya haye. 'Yan bindiga sun san nan ne mashin ke rage gudu, shi ya sa suke son wurin.

Ya gaya mini cewa makon da ya wuce ya kafe a tsakiyar yashin da buhu biyu. Yana turawa ya jiyo ƙarar mashina daga yamma, wajen daji. Ya yanke robar da ya ɗaure kayan, ya zubar da buhunan, ya ja mashin da hannu har gaɓa, ya tsira da ƙyar. Yana ba da labarin yana dariya. Ya ce ba ya son haka ta sake faruwa.

Akwai wasa tsakanina da shi, kamar yadda ake yi da ƙanen mata. Na ce masa wanda ya zuba tayar 'yan birni a mashin ya shiga yashi, ai shi ya kai kansa. Ya ce to ni da na aure musu yaya ban taɓa sa masa ko bawul ɗin iskar taya kyauta ba, yau sai in nuna amfanina. Daga nan na zaunar da shi a benci na yi masa bayani bi da bi, yadda nake yi wa kowa.

Na farko faɗi. Siririyar taya yanka yashi take yi, tana nutsewa. Mai faɗi kuwa hawa kansa take. Na biyu haƙora. Tayar kwalta sumul take, tana juyawa a wuri ɗaya tana haƙa wa kanta rami. Ta yashi tana da manyan haƙora masu tazara, suna ɗebo yashin suna watsawa baya. A ƙafar gaba ba a bukatar irinta, mai dogayen layuka ta isa, don ta riƙe kan mashin kada ya yi ta karkacewa. Na uku iska, kuma nan ne mafi yawan 'yan kabu-kabu ke kuskure. Suna cika taya tam saboda kaya, har ta yi tauri kamar dutse. Na ce masa idan ya iso bakin rafi ya sauka, ya sa tsinke a bawul ya rage iska har sai tayar ta ɗan baje in ya danna da babban yatsa, in ya hau tudu ya mayar da famfon hannu. Na huɗu wayoyin ƙafar mashin: a ɗaure su daidai, don taya mai ƙarancin iska tana jin kowane dutse.

Ina da irin tayar guda biyu a bayan rumfa, wani ɗan kasuwa ya kawo mini daga Katsina, babu wanda ya taɓa tambayarsu. Na fiddo ɗaya. Mahauci ya bar wuƙarsa ya leƙo, ya shafa haƙoran da hannu.

Ya ce, "Mai faci, wannan ai takalmin mutanen daji ne."

Gaskiya ya faɗa, kuma na sani. Duk wanda ya taɓa ganin sawun da 'yan bindiga ke bari bayan sun wuce ya san zanen nan. Amma na ce masa roba ce, a shago ake sayar da ita, su ma ba su suka ƙera ta ba. Sun zaɓe ta ne don tana cin yashi, kuma don haka ɗin nake son ƙanen matata ya hau ta. Mahauci ya ce shi dai nama ya sani, ya koma teburinsa. Na cire tsohuwar, na duba tib a cikin ruwa, na ɗaure wayoyi, na sa sabuwar. Na gama ƙarfe sha ɗaya da kwata.

Kwana goma yana hawa lafiya. Kullum in ya dawo sai ya biyo ta rumfa ya ce mini yanzu rafin nan ko sauke ƙafa ba ya yi.

A rana ta goma sha ɗaya, da la'asar, 'yan bindiga suka biyo cikin rafin daga yamma, suka haura gonakin da ke gaɓa inda mutane ke roron wake. Sun harbe waɗanda suka gudu, sun sassare waɗanda suka tsaya, suka kora shanun noma suka koma ta inda suka fito. Cikin waɗanda aka kashe har da ɗan shugaban 'yan sintirin yankin, wani tsohon maharbi. Ƙanen matata ya wuce wurin da buhu biyu na wake tun kafin la'asar. Bai ji komai ba sai a gari.

Washegari da sassafe 'yan sintiri suka je bin sawu. Sun ga sawun mashina masu yawa sun nufi daji, sun kuma ga guda ɗaya mai irin zanen ya haura gabas ya nufo gari. Suka yanke cewa mai wannan sawun shi ne ya rako 'yan bindigar, ya nuna musu gonaki, ya dawo gida. Suka bi sawun har inda kwalta ta fara, daga nan suka wuce tashar 'yan kabu-kabu suka bi mashina ɗaya bayan ɗaya suna duba tayar baya. Nasa kaɗai ke da haƙoran.

Ƙarfe tara da minti arba'in mahauci ya shigo rumfata ya ce in tashi, an kama ƙanen matata. Na fita da gudu. A hanya wani saurayi ya wuce ni yana gara tsohuwar taya. Na ga alamar da nake yi da alli a jikinta, daga tarin da ke bayan rumfata ya ɗauko ta. Na san abin da ake yi da tsohuwar taya a irin wannan rana.

Na tarar da shi a gindin bishiyar bedin da ke tashar. An ɗaure masa hannu ta baya da robar da yake ɗaure buhu. Rigarsa ta rabu biyu, kansa ya fashe a gefen kunne, jini ya rufe masa rabin fuska yana ɗiga a ƙirji. Mutane sun yi masa zobe. Wani na dukansa da gora a baya, wani da bel, wasu na jifa daga nesa, har duwatsun na samun na gaba. Akwai waɗanda gawar 'yan uwansu aka binne da safen nan, ƙasar kabari na jikin ƙafafunsu. Akwai kuma waɗanda ba su rasa kowa ba, kuma su suka fi duka. Ana tambayarsa nawa aka ba shi, su wa yake kai wa mai, ina sansaninsu yake. Duk amsar da ya fara sai gora ta katse ta. Saurayin nan ya iso ya zura masa tayar a wuya. Wani ya ɗaga kwalbar fetur sama yana neman hanya.

Na kutsa ciki na tsaya a kansa. Na ce ni na sa masa tayar, da hannuna, kwana goma sha biyu ke nan, a gaban mahauci. Na zaci wannan zai kwantar da su. Sai wani ya ce ashe ga mai yi musu faci ya kawo kansa. Ban ga wanda ya kawo dukan ba, na dai ɗaga hannun hagu na kare kaina, gorar ta sauka a tsintsiyar hannun. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji zafin. Na faɗi a kan gwiwa, aka haure ni a haƙarƙari sau biyu, bakina ya cika da ƙasa. Ƙanen matata ya juyo da idon da bai rufe ba ya ce, "Yaya, tafi gida." Wannan kaɗai na ji ya faɗa a ranar.

Tsohon maharbin yana zaune a kan benci da bindigarsa ta toka a cinya. Bai doki kowa ba, bai kuma hana ba. Na san shi, ya sha kawo mini faci. Na ja jiki har gabansa.

Na ce, "Baba, Allah ya jiƙan yaron nan, ya ba ka haƙuri. Tambaya ɗaya zan yi. Sawun da kuka gani, a saman nasu yake ko a ƙarƙashi?"

Ya ce sun ga zanen, sun ga inda ya nufa, ba su tsaya duba wannan ba. Na ce masa shi ya fi ni sani, shi da ya yi shekaru yana bin sawun gada: wanda ya zo daga baya shi ke take na gaba. In ƙanen matata ya rabu da su ne bayan an gama, sawunsa zai hau kan nasu. In kuwa ya riga su wucewa, nasu zai murƙushe nasa. Na ce yashin yana nan, raɓa ta kama shi da safe, amma rana na yi, jakuna na bi, in aka jima babu abin da za a gani.

Mutane suka fara surutu cewa ɓata lokaci ne. Tsohon ya miƙe, ya karɓe kwalbar fetur daga hannun mai ita, ya toshe ta ya jefa a jakarsa. Ya ce kada wanda ya sake taɓa ƙanen matata sai ya dawo. Sa'an nan ya juyo gare ni.

Ya ce, "In a sama yake, da kai za a haɗa. Ka yarda?"

Na ce na yarda. Ban tambayi ƙanen matata ƙarfe nawa ya haye rafin ba. A lokacin ban ma sani ba. Na dai san shi tun yana ɗan shekara tara.

Mahauci ya ɗaure mini hannun da ƙyallen da yake rufe nama, ya rataye shi a wuyana. Muka ɗauki mashin ɗin ƙanen matata, tsohon na tuƙi ina baya. Mun bar tashar ƙarfe goma da minti biyar. Kowane rami muka faɗa sai in ji ƙashin na gogar ɗan uwansa, na yi amai sau ɗaya ba tare da mun tsaya ba.

A bakin rafi muka kafe mashin, muka shiga da ƙafa. Tsakiyar hanyar ta lalace. Jakunan da suka ɗauko gawarwaki sun bi ta, mutane sun tattake, 'yan sintirin da kansu sun bi da mashinansu. A gefe ga takalmin roba guda ɗaya, ga ƙwaryar wake a kife, ga wani wuri da yashi ya yi baƙi ya dunƙule, ƙudaje sun rufe shi. Tsohon ya kauce masa bai duba ba. Daga baya aka gaya mini nan ɗansa ya faɗi, ya gudo daga gona aka cim masa a cikin yashi aka sare shi a wuya.

Mun yi ta nema. Na fara jin jiri, na fara tunanin abin da zan ce wa matata. Sai kusa da gaɓar can, inda hanyar ta ɗan karkata ta kauce wa wani dutse, muka sami wurin da ba a taka ba. Sawun ƙanen matata ya bi ta nan shi kaɗai, mai faɗi, a baje, alamar ya rage iska yadda na ce. Sawun 'yan bindiga ya gitta shi sau biyu, na zuwa da na komawa. Na durƙusa, tsohon ya durƙusa. A duk inda suka haɗu, haƙoran nasu ne a fili, nasa ya murƙushe a ƙarƙashi. Har sawun shanun da suka kora a kan nasa yake.

Tsohon ya ce wannan ya nuna ya riga su, bai nuna ba shi ya je ya dubo musu hanya ba. Na ce to mu bi shi baya mu ga daga ina ya fito. Muka bi. Bai nufi daji ba, bai ratse gona ba, bai tsaya ko sau ɗaya ba, don babu sawun ƙafa a gefensa. Ya fito ne kai tsaye daga hanyar ƙauye, ya nutse sosai kamar na mai kaya, kuma duk bayan 'yan taku akwai ƙwayar wake ɗaya ko biyu da ta zubo daga buhu. Tsohon ya tsinci ɗaya ya jujjuya ta a tafin hannu. Ya daɗe a tsugune. Da ya tashi sai ya ce, "Wanga ba shi ba ne. Mu koma."

Mun iso tashar ƙarfe sha biyu da minti biyar. Ba su ƙone shi ba. Masu sayar da fetur a kwalba sun kwashe kayansu sun gudu tun da farko, mahauci kuma ya je ya zauna a ƙasa gaban ƙanen matata da wuƙar fawa a cinya, ya ce duk mai son wucewa ya zo. Amma kafin mahauci ya je ya ɗauko wuƙar, an riga an karya maganar tsohon. Wani ya zabga wa ƙanen matata sarƙar mashin a fuska, idon dama ya fashe. Wani ya ɗaga dutse da hannu biyu ya sauke masa a gwiwa. Na same shi a kwance a gefe, tayar na wuyansa, yana numfashi da ƙyar, ƙasar da ke ƙarƙashin kansa ta jiƙe.

Tsohon ya ratsa mutane, ya cire tayar da hannunsa, ya yanke robar. Ya juyo ya faɗa musu abin da ya gani, bi da bi, yadda muka gan shi. Ya tambayi wa ya taɓa shi bayan ya hana. Na baya suka fara zamewa, na gaba suka bi. Cikin 'yan mintoci tashar ta koma ni, da mahauci, da tsohon, da duwatsu a warwatse. Muka sa shi a bayan a-kori-kura zuwa asibiti, daga can aka wuce da shi Katsina.

Ya rayu. Idon ya tafi, ƙafar kuma ba ta lanƙwashewa, don haka shi da mashin sai kallo. Ni mai ɗori ya haɗa mini hannu, ya kama amma a karkace, yanzu da gwiwa nake danne taya in ina cirewa. Matata ba ta taɓa ce mini laifina ne ba. Ni na san rabona a ciki. An gaya mini abin da tayar take nufi a idon mutane, na ji, na wuce, saboda na tabbata aikina daidai ne. Aikin daidai ne, har yau ita ce tayar da ta dace da yashi, kuma har yau ina sa wa masu bin hanyar Ruma da Runka. Sai dai yanzu ba na barin mutum ya tafi sai na kai shi gaban shugabannin sintiri, an ga fuskarsa, an ga tayar.

Kafin tsohon maharbin ya rasu, ya je gaishe da ƙanen matata sau uku. Ban da shi babu wanda ya je daga cikin mutanen da suka taru a gindin bedin. Yanzu ƙanen matata yana kasa dankali a bakin kasuwa. Waɗanda suka ji kamun sun fi waɗanda suka ji bayanin tsohon yawa, shi ya sa har yanzu akwai masu tsallake tirensa su saya a gaba, akwai masu rage murya in sun zo wucewa. Yana ji. Ya ce mini wannan ya fi masa ciwo a kan ƙafar.

Kai mai karatu, in kana cikin waɗanda suka tsaya a tashar ran nan, ko ka yi duka, ko ka yi jifa, ko kallo kawai ka yi, ba na neman sunanka, ba kuma zan kai ka ƙara ba. Ina roƙonka ka je bakin kasuwa ranar da ta cika, ka tsuguna gaban mai dankalin nan mai ido ɗaya, ka gaishe shi, ka ce masa ka san ba shi ba ne. Ka faɗa da ƙarfi yadda na kusa da shi za su ji.